Jinin da ke bakin iyaka

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in lokaci bai ci mu ba.

Na farko, me ake nufi in likita ya ce jininka yana bakin iyaka? Kun san in an yi awon hawan jini, lamba biyu ake ba mutum. Ta sama ita ce ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki kafin bugu na gaba. Ƙasa da 120 bisa 80, lafiya lau. Daga 140 bisa 90 zuwa sama, in ya tabbata, hawan jini ne, a nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja layinta. To, tsakanin nan fa? Nan rigimar take. A 2003 wani kwamitin masana a Amurka ya kira shi share fagen hawan jini. A 2017 likitocin zuciya na Amurka suka sauko da layin, suka ce daga 130 bisa 80 ma hawan jini ne, matakin farko. Na Turai suka bar nasu a 140 bisa 90. Wato mai 134 bisa 84 zai hau jirgi a Faransa ba shi da hawan jini, ya sauka a Amurka yana da shi! (dariya) Ita dai jijiya ba ta san an ja layi ba. A hankali haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda yake ƙaruwa, kamar hawan tudu.

Na biyu, awo. Ku yi haƙuri, nan zan daɗe, don nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Mai 190 ko yaya ka auna shi, ya hau. Amma wanda ke bakin iyaka, lamba takwas ko goma ce tsakaninsa da layin, kuma mummunan awo kaɗai ya isa ya ƙara masa wannan goman.

Ku dubi yadda ake yi. Mutum ya hawo bene da sauri, fitsari ya matse shi, an ɗora shi a gadon gwaji ƙafafu na reto, bayansa ba jingina. Ya naɗe hannun riga har ya shaƙe damtse, hannun na lilo a gefe, ga waya a kunne yana cewa "ina zuwa, ina zuwa". Na'ura ta ce 143, aka rubuta. Don Allah jinin wa aka auna? Na mai gudu aka auna.

Yadda ake so: ka zaga bayi tukuna. Rabin awa kafin awo ba taba, ba kofi, ba motsa jiki. Ka zauna a kujera mai jingina minti 5, tafin ƙafa a ƙasa, kada ka harɗe. Hannu a kan tebur daidai saitin zuciya, a ɗaura a kan fata. Sannan shiru. Shiru fa! Malam, kai da ke dariya, na ga alama nan za ka sha wuya. (dariya)

Sai girman ɗamarar da ake ɗaurawa a damtse. In damtse babba ne aka sa ƙarama, lamba za ta haura ba gaira ba dalili. Ita ɗamarar nan ma tsohuwa ce, wani likita ɗan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da ita a 1896, a 1905 kuma wani likitan soja ɗan Rasha, Korotkof, ya gano cewa in ka sa abin sauraro a gwiwar hannu za ka ji lokacin da jini ya fara wucewa da lokacin da ƙarar ta ɗauke. Lambobin nan da muke faɗa, tsayin da zaiba ke hawa ne a cikin gilashi, da milimita. Ina muka tsaya ma? Yauwa, ɗamara. Ta damtse ta fi ta wuyan hannu aminci.

Kuma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Akwai wanda da ya ga farar rigar likita jininsa ke tashi, a gida kuwa ƙalau. Akwai kishiyarsa, wanda ya fi ba ni tsoro: a asibiti ƙalau, a gida da wurin aiki a sama. Shi ya sa ake so ka auna a gida kwana 7, safe da yamma, sau biyu kowane zama da minti ɗaya tsakani, ka rubuta. A zubar da na ranar farko, a ɗauki matsakaicin sauran. A gida layin 135 bisa 85 ne. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini littafi cike, sau ashirin yake aunawa a yini, har tsakar dare. In ya ga ta hau ya firgita, ya sake aunawa, ta ƙara hawa. Na ce Alhaji, na'urar nan ce ke hawar maka da jini, a kai ta ɗaki a kulle. Zauna, jingina, yi shiru, rubuta. Na maimaita ko? Da gangan ne.

Na uku, abin da za a gyara... kai, lokaci! Bari in yi sauri. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da na leda. Tafiya mai ɗan sauri minti 150 a mako. Mai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ya sauke yakan rage kusan lamba ɗaya. A yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa. Taba a bar ta, giya ma haka. Mai munshari da numfashi ke ɗaukewa cikin barci ya je a duba shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini in an daɗe ana sha. Na biyar... a'a, na huɗu ke nan? Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.

(Tambaya: Likita, ni in nawa ya hau ina jin ciwon ƙeya, sai in sha ƙwaya ɗaya cikin na maigida. Da laifi?)

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da da yawa a ɗakin nan ke yi suna ɓoyewa. Da laifi. Ciwon ƙeya ba na'ura ba ne. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Maganin kuma ba na sha-yanzu-magani-yanzu ba ne, kullum ake sha, kuma da ƙodar maigida da shekarunsa aka duba aka zaɓa masa. Wanda ke bakin iyaka sau da yawa ba a fara shi da ƙwaya, sai a ba shi wata uku zuwa shida ya gyara abubuwan da na lissafa, a sake aunawa. Sai dai in yana da ciwon sukari, ko ciwon ƙoda, ko ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, nan likita zai iya fara magani da wuri. In kuwa kin ga 180 bisa 120, ga ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ba maganar ƙwayar kowa, asibiti nan take. Ki yi awon kwana 7 ɗin nan, ki kai wa likitanki takardar, ki kuma faɗa masa sunan ƙwayar da kike sha, kada ki ji kunya.

Ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Na huɗun sai wani jiƙon.