Daga Famfas Zuwa Fo Kafin Satumba

Ƙarfe bakwai na safe ke nan a Jos, hazo bai gama tashi ba. Kalli yaron nan. Yanzu ya ajiye kofin kunu, yana ta buga murfin tukunya, sai kawai ya yi tsit. Ya lallaɓa bayan labule, ya tsuguna, ya ɗaure fuska yana nishi. Duk wadda ta yi raino ta san me ake ciki. Kada ki yi masa tsawa, wannan ɓuyan albishir ne: ya fara jin kashi tun kafin ya fito. Ranar da kika ga haka, ki sayo fo.

Yawancin yara suna kaiwa wannan matakin tsakanin wata 18 da shekara 3. Ki duba famfas ɗinsa, yana kai awa 2 a bushe? Yana jan hannunki ya nuna miki ya ɓata? Yana bin umarni ƙanana, kamar "ɗauko takalminka"? To jikinsa ya shirya. In babu ko ɗaya, ki ɗan saurara, ko da ɗan maƙwabciya ya riga shi.

Na san me Hajiya Kaka za ta ce: "Mu tun kuna wata huɗu muke ɗora ku a kan ƙafa." Gaskiyarta. Uwa ta miƙe ƙafafu, ta zaunar da jariri a tsakani, ta yi masa "sss", ya yi abinsa. Dabara ce mai kyau, ta rage wankin nafkin ba kaɗan ba. Sai dai a wannan tsarin uwa ce ke riƙe da lokaci, ita ke karanta fuskar ɗanta. A ajin rainon yara kuwa, anti ɗaya ce da yara cike da ɗaki, wannan na kuka, wancan ya zubar da shayi. Ba ta da idon karanta fuskar kowa. Abin da makaranta ke buƙata shi ne yaro ya buɗe baki ya faɗa, kuma ya iya sauke wandonsa da kansa. A kan waɗannan biyun za mu yi aiki.

Makarantu na komawa a watan Satumba, don haka dogon hutun Agusta shi ne damarki. Kada ki bari sai saura mako guda ki tashi da zafi. Ki ware kwanaki uku ko huɗu da ba biki ba suna, ba zuwa kasuwar Taminus. Ki cire famfas da rana gaba ɗaya, ki sa masa ɗan kamfai na auduga. Dalili? Famfas na shanye fitsari har yaro bai san ya jiƙe ba. Da ɗan kamfai kuwa, ɗumin na gangaro masa a cinya, nan take ya gane abin da jikinsa ya yi. Ki naɗe kafet, ki shimfiɗa leda a katifa, ki ajiye tsumma kusa. Za ki yi goge-goge, wannan babu makawa.

Ki zaunar da shi da ya farka daga barci, da kuma kamar minti 15 zuwa 30 bayan ya ci abinci, domin cikar ciki ita ke motsa hanji. Minti 3 zuwa 5 ya isa. Bai yi komai ba? Ya tashi, a sake gwadawa anjima. Zaman rabin awa a kan fo da waya a hannu ba koyo ba ne, kallo ne.

Sai maganar sanyinmu. Ko a Agusta, in ruwa ya kwana yana zuba, robar fo kamar ƙanƙara take da asuba. Yaro ya ɗana sau ɗaya ya zabura, gobe ko da alewa ba zai yarda ba. Ki ajiye fo a cikin ɗaki, ki sirka ruwan buta ya yi ɗumi. Ni da kaina sanyin nan ya sa na yi wani kuskure da autana. Ranarsa ta biyu a makaranta na naɗe shi kamar dambu a ganye: dogon wando na ciki, wandon makaranta mai bel, rigar sanyi har gwiwa. Yaro ya faɗa wa anti a kan lokaci, ya ruga, amma kafin a kwance bel aikin gama ya gama. Da na je ɗaukarsa ko kallona bai yi ba don kunya. Laifin wa? Nawa. Wando mai roba a ƙugu, wanda hannu biyu ƙanana za su ja ƙasa, shi ne maganin.

Ki tambayi anti kalmar da ake amfani da ita a aji. A gida yana cewa tutu, a can kuma ana cewa "pupu", fitsari kuma "wiwi". Eh, na sani, wiwi a bakin Bahaushe wani abu ne daban, kada Baban yara ya ji ya ɗaga hankali. Ki koya masa duka biyun. Ki kuma leƙa banɗakin makarantar tare da shi kafin a buɗe, na tsuguno ne ko na zama, don ƙarar ruwa kaɗai na firgita wasu yaran.

In ya saki a wando, ban da duka, ban da "ƙazami", ban da kiran yayyensa su yi masa dariya. Ba don shagwaɓa ba. Yaron da ya ji tsoro matse kashi yake yi. Kashin ya daɗe a ciki ya bushe ya yi tauri, fitarsa ta yi zafi, sai ya ƙara matsewa. Haka za ku yi ta zagaye. Ki ce masa, "Ba komai, a fo ake yi," ku wanke tare. Ki yawaita masa ruwa, gwanda, lemu, wake da miyar ganye. In na zama ne banɗakinku, ki sa masa ƴar kujera ya taka, kada ƙafafunsa su yi lilo.

Wajen tsarki, ƴa mace daga gaba zuwa baya ake wanke ta, don kada ƙwayoyin cuta su shiga mafitsara. Abin da ke cikin fo masai za shi, ba kwata ba, ba bayan katanga ba. Zancen wai kashin yaro ba ya cutarwa ba gaskiya ba ne, yana yaɗa gudawa kamar na babba. Sannan sabulu, hannunki da nasa. Gidan da ke da masai mai rami kuwa, kada a tura ƙaramin yaro shi kaɗai.

Fitsarin kwance lissafinsa daban. Yaro kan kai shekara 5, wani ma ya wuce, kafin ya daina, kuma sau da yawa gado ne. Ki bar masa famfas da dare. Amma in yana kuka lokacin fitsari, ko kin ga jini, ko ya yi watanni a bushe sai ya koma jiƙewa tare da yawan ƙishirwa, asibiti za ku.

In an yi sabon haihuwa a gidan ko kun tashi zuwa wata unguwa, yana iya komawa baya na ɗan lokaci. Makon farko na makaranta ma haka. Don haka ga jakarsa: ɗan kamfai uku, wando biyu, safa, da baƙar leda ta zuba jiƙaƙƙu. Ki zaunar da shi a fo kafin ku fita, ko da mai Keke na ta danna hon a ƙofar gida.