Koyon Django daga jagora: mu bi sawun buƙata ɗaya

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Ku dubi allo. Ɗan kumbo ne yana tashi sama, ƙarƙashinsa an rubuta cewa an girka komai lafiya. Duk wanda ya taɓa koyon Django ya san wannan hoton, ya kuma san daɗin da ake ji ranar da ya fara fitowa. Matsalar ita ce da yawanmu a nan muke cin birki. A ɗauki hoton allo a tura wa abokai a WhatsApp, bayan kwana biyu jagoran, wato darasin da ake bi mataki-mataki, ya shige wata folda, ba a sake jin ɗuriyarsa. Yau so nake mu wuce kumbon nan, mu ga yadda ake cin moriyar jagora har mutum ya gina nasa.

Da farko, Django firemwok ne na gina manhajar intanet. To, mene ne firemwok? A ce za ka buɗe kanti. Kana iya sayen fili ka haƙa harsashi, ka buga bulo, ka kira mai walda ya yi ƙofa. Kana kuma iya kama shagon da aka riga aka gina, da ƙofarsa da kwaɗonsa da kantocinsa, kai dai zuba kaya ne naka. Firemwok shi ne shagon nan da aka gina. Kusan duk wata manhajar intanet tana buƙatar abubuwa iri ɗaya: karɓar adireshi, adana bayanai, rajistar masu amfani, ɓoye kalmar sirri, kare kai daga ɓata-gari. Wasu sun riga sun rubuta waɗannan, dubban mutane sun gwada, an toshe ramukan. Amma shagon haya yana da sharaɗi. Inda magini ya sa ƙofa, nan za ka bi. Koyon firemwok, rabinsa sanin inda aka ajiye kowane abu ne.

Django da yaren Python aka rubuta shi, kuma a gidan jarida aka haife shi. A 2003 ne Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi a jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga kowa kyauta a 2005. Wannan asali yana da amfani a riƙe shi, don shi ya sa Django yake yadda yake. A ɗakin labarai babu jira. Edita zai ce yana son sabon shafi kafin dare, kuma 'yan jaridar da za su zuba labarai a ciki ba masu rubuta kod ba ne. Nan gaba kaɗan za mu ga abin da wannan matsi ya haifar. Sunan kuma na wani makaɗin jita ne, Django Reinhardt, kuma ba a furta harafin farko. Jango ake cewa. Ni kaina na yi watanni ina cewa Dijango kafin wani ya ji tausayina ya gyara mini. Kada kuma a raina shi don kyauta ne, Instagram da shi aka gina ta.

To, wane jagora za a bi? Ni na gidan nake ba da shawara, wanda ke shafin Django kansa. Kashi takwas ne a sigogin baya-bayan nan, kuma duk a kan 'yar manhaja ɗaya suke, ta ƙuri'ar jin ra'ayi, mai suna polls. Ana iya sauke shi gaba ɗaya a ajiye a kwamfuta. Ku sauke shi ranar da kuke da data, don ko an ɗauke wuta ko sabis ya yi ƙasa, karatu bai tsaya ba.

Kafin ku karanta layi ɗaya, ga tarkon da ya cinye mini dare guda cur. Na sami wani tsohon darasi, bayaninsa kamar zuma, na kwafa komai yadda yake. Da na kunna sai jan rubutu, wai ba a iya shigo da url ba. Na goge na sake, na goge na sake, har asuba ta kusa. Ashe ba laifina ba ne. Tun Django 2.0 da ya fito a ƙarshen 2017 aka kawo sabuwar hanya mai suna path, sannan a siga ta 4.0 aka cire tsohuwar url ɗin kwata-kwata. Darasin na wancan zamani ne, abin da na girka kuma na yau. Saboda haka ku buɗe taminal, baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni, ku rubuta python -m django --version. Lambar da ta fito, ita za ku zaɓa a shafin jagoran, akwai wurin canza siga a kusurwar ƙasa ta dama. In kuna son kwanciyar hankali ku ɗauki siga mai dogon tallafi, irin su 5.2 da ta fito a Afrilun 2025, wadda ake kula da tsaronta kusan shekara uku.

Girkawa ba ta da wani dogon labari. Ku keɓe wa aikin muhallinsa da venv don kada kayan wannan aiki su cakuɗe da na wani, ku rubuta pip install django, sai django-admin startproject mysite, sai ku shiga foldar mysite, sai python manage.py runserver. Ku buɗe burauza ku shiga 127.0.0.1:8000. Ga kumbonmu. Wannan adireshin na kwamfutarku ne ita kaɗai, ba wanda ke ganinsa a waje.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa. Da ka buɗe foldar sai ka ga fayiloli birjik, kowanne da sunansa, mutum ya rasa ta ina zai kama. Kada ku haddace su. Ku bi sawun buƙata ɗaya tun daga shigarta har fitarta, kamar yadda za ka bi mai saye daga bakin kanti.

Wata ta rubuta adireshi a wayarta, ƙarshensa polls da lamba 5. Buƙatar ta iso sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta. Wanda ta fara tararwa shi ne urls.py, yaron shagon da ke tsaye a ƙofa. Shi ba ya sayar da komai. Yana da jerin adireshi a hannu, yana dubawa daga sama zuwa ƙasa, na farkon da ya dace sai ya ce bi nan. In babu wanda ya dace, shi ne kake ganin 404. Daga nan sai views.py, mai shagon kansa, wanda ke yanke shawara. Ya ji ana neman tambaya ta biyar, amma ba ta hannunsa, tana sito. Sai ya aika wurin models.py, mai riƙe da littafin sito, wanda ya san fasalin kowane kaya da inda yake a rumbun bayanai. An ɗauko tambaya ta biyar da zaɓuɓɓukanta. Sai mai shago ya miƙa su ga tamfilet, wato shafin HTML mai gurabe, a zuba kowane abu a gurbinsa, a naɗe a miƙa wa mai waya. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Ƙofa, mai shago, sito, naɗi. Ku zana wannan a takarda ku manna kusa da kwamfuta. Duk shafin jagoran da kuka buɗe, ku tambayi kanku, a wace tasha muke cikin huɗun nan? Duk kuskuren da ya taso, ku tambaya, a wace tasha buƙatar ta maƙale? In 404 ne, je ka ƙofa. In aka ce TemplateDoesNotExist, wajen naɗi ne, wataƙila sunan folda ka kuskure. In aka ce no such table, sito ne ba a gina ba.

Abu na gaba wasu ba za su so shi ba. Kada ku kwafa ku manna. Ku buga kowane layi da yatsunku. Na san jagoran yana nan a buɗe, kwafa ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu, amma yaron tela ba ya iya ɗinki da kallo, sai allura ta soke shi. Bari in nuna muku. A kashi na biyu ana cewa ka shiga settings.py, ka ƙara sunan manhajarka a jerin INSTALLED_APPS. Ga shi na rubuta, amma da gangan na bar waƙafin ƙarshen layin. Mu kunna. Kun gani? Yana cewa bai sami wani abu mai suna PollsConfigdjango ba. Wa ya rubuta wannan suna? Ba kowa. Python ne, in ya ga rubutu biyu a jere babu waƙafi a tsakani, sai ya liƙa su su zama ɗaya. Wanda ya kwafa ba zai taɓa haɗuwa da wannan ba sai ranar da yake aikin kuɗi, mai aiki na tsaye a kansa. Wanda ya buga da hannu ya gamu da shi yau, kyauta.

Kuma don Allah ku daina tsoron shafin kuskure. Rawayan shafin nan da Django ke nunawa lokacin da DEBUG, wani saiti da ke settings.py, yake kunne ba faɗa yake maka ba, kwatance yake yi. A taminal kuma ku fara karatu daga layin ƙarshe, nan sunan matsalar yake, sai ku hau sama ku nemi fayil ɗin da ku kuka rubuta. Sai dai ranar da za ku ɗora manhaja a intanet dole a kashe DEBUG, don wannan shafin yana tona cikin gida ga duk mai wucewa.

Sito kuma yana da ladabinsa. A models.py jagoran ya sa ka rubuta abu biyu, Question da Choice, tambaya da zaɓi, kowane zaɓi yana ɗaure da tambayarsa ta hanyar ForeignKey. Rubutawa kawai ba ta taɓa rumbun bayanai ba. Umarni biyu ne. Na farko makemigrations, shi ne magini ya zana abin da za a canza a takarda. Na biyu migrate, shi ne a zo a yi ginin. Masu koyo suna yawan yin na farko su manta na biyu, sai su yi ta mamakin ina teburin ya shiga. Rumbun da ake farawa da shi SQLite ne, fayil ɗaya tal a cikin foldar, babu abin da za ka girka.

Yanzu ga abin da ɗakin labaran nan ya haifar. Rubuta python manage.py createsuperuser, ba da suna da kalmar sirri, ka yi wa Question rajista a admin.py da layi biyu zuwa uku, ka shiga adireshin admin. Ga cikakken ofishi: wurin ƙara tambaya, gyara ta, goge ta, har da kalandar zaɓen rana. Ba ka zana ko maɓalli ɗaya ba. Don 'yan jarida su zuba labari ba tare da sun kira mai kod ba aka yi shi. Kalmar sirrin da ka bayar ma ba a ajiye ta yadda take ba, an markaɗa ta yadda ko kai ka leƙa rumbun ba za ka gane ta ba.

A kashi na huɗu za ku ga wani ɗan layi a cikin fom, csrf_token. Ku cire shi ku gwada jefa ƙuri'a. Zai hana ku da lambar 403. Hatimi ne da ke tabbatar da cewa fom ɗin daga shafinka ya fito, ba wani shafin yaudara ne ya aiko da sunan mai amfani ba. Ku mayar da shi.

Kashi na biyar shi ne wanda aka fi tsallakewa, ni kuma shi na fi so. Marubutan sun bar kuskure a cikin kod ɗin tun baya: tambayar da aka sa wa ranar da ba ta zo ba tukuna, manhajar na lissafa ta cikin waɗanda aka wallafa kwanan nan. Sai su sa ka rubuta gwajin da zai kama kuskuren, ka ga ya faɗi, ka gyara, ka ga ya wuce. Wanda ya tsallake nan ya bar nama ya ɗauki romo. Na shida da na bakwai ado ne, launi da hoton bango da gyaran fuskar admin, ku bi su da sauri.

Da kun gama, ku rufe jagoran. Ga aikin gida: littafin adashi. Ku buɗe sabon aiki daga tushe. Maimakon Question ku sa Mamba, da sunansa da ranar kwasarsa. Maimakon Choice ku sa Zubi, da adadin kuɗi da kwanan wata, kowane zubi ɗaure da mambansa. Fasalin ɗaya ne da na polls, riga kawai aka canza. Ku yi shafin da ke jera mambobi, da wani da ke nuna zubin mutum ɗaya da jimillarsa. Uwar adashi kuma ta riƙa shigar da zubi ta admin. Za ku maƙale, babu makawa, wataƙila tun a urls.py. In kun maƙale ku buɗe jagoran, ku duba wurin kaɗai, ku sake rufewa.

Abu ɗaya kafin ku fara. A settings.py akwai layin TIME_ZONE, yana zuwa a kan UTC. In kuna Najeriya ku mai da shi Africa/Lagos, in kuna Nijar Africa/Niamey, in ba haka ba zubin da aka kawo ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare zai fito a littafi da kwanan watan jiya, kuma kun san rigimar adashi.

A bidiyo na gaba za mu buɗe namu littafin adashin tare, mu kwatanta da naku. Sai mun haɗu.