Barcin jinjiri a sanyin Ingila

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka, musamman masu jego da iyayenmu da suka zo zaman jego. Daga nan Ingila nake magana, inda in hunturu ya kankama, ƙarfe 4 na yamma gari ya yi duhu.

Jinjirin da ko arba'in bai yi ba, ba zai kwana har asuba bai farka ba. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, nono kuma saurin narkewa gare shi, shi ya sa duk awa 2 zuwa 3 yake neman mama. Yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, amma gutsi-gutsi. Idan ma bai maido nauyinsa na haihuwa ba, wanda kan ɗauki kamar mako 2, ke za ki riƙa tashinsa ya sha.

Abin da ke hannunki shi ne koya masa bambanta dare da rana, domin sai wajen wata 2 zuwa 3 jikinsa ke fara ganewa. Da safe ki yaye labule, a yi ta hidimar gida da hayaniyarta. Da dare kuwa fitila dishi-dishi, ba wasa, ba hira, waya a kife. Ki shayar, ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki kwantar. Kada ya wuce kamar awa 1 a farke; da ya fara hamma yana kau da kai, lokaci ya yi. In ya gaji ainun, kuka zai yi ta tsalawa, barcin ya gagara.

Ga kuskuren da ya fi yawa. Jinjiri yakan yi nishi da mutsu-mutsu, har ya ɗan buɗe ido, alhali barci yake. Uwa ta yi wuf ta ɗauka, ita ta tashe shi. Ki ba shi minti 1 ko 2 kina kallo.

Yanzu ga yadda gadon jinjiri ya kamata ya kasance. Katifa mai tauri, zanen gado a ɗame, ba matashi, ba 'yar tsana, ba bargo mai kauri. A rigingine ake kwantar da shi kullum, ƙafafunsa a ƙarshen gado don kada ya nutse cikin mayafi, mayafin kuma iyakarsa kafaɗa. Gadon ya zauna a ɗakinki har wata 6. Tun 1991 aka fara gangamin kwanciyar rigingine a ƙasar nan, mutuwar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai.

Sai batun zafi, inda muka fi samun matsala da kakanni. Mun saba dunƙule jariri da hula da safa da bargo biyu, a kuma ƙure hita. Don Allah a bari. Ɗakin ya tsaya tsakanin digiri 16 da 20, a riƙa dubawa da ɗan ma'aunin zafin ɗaki a bango. A cire hula a cikin ɗaki. Kada ki auna da hannunsa, kullum da sanyi-sanyi yake. Taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, in da gumi, rage kaya. Turaren wuta da hayaƙin taba kada su kusanci inda yake kwana. Kada barci ya kwashe ki da shi a kan kujera, nan ya fi ko'ina haɗari.

Ba ruwa, ba zuma, ba koko wai don ya ƙoshi ya yi dogon barci. In kuwa bai kai wata 3 ba, zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi kama nono, ki kira 111, lambar neman taimakon lafiya a Ingila, a daren, kada ki jira gari ya waye; in kuma ya yi wuyar tashi, ki kira 999, lambar gaggawa, nan take.