Ƙoƙon Kai Na Basquiat: Daga Dala 19,000 Zuwa Miliyan 110.5

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo a kan zanen nan da ke bango: wanda ya yi shi, yadda ya yi shi, sai kuɗin da ya ja a kasuwar gwanjo.

Na farko, Jean-Michel Basquiat. A Brooklyn ta birnin New York aka haife shi a 1960, mahaifinsa ɗan Haiti, mahaifiyarsa asalin Puerto Rico. A jikin bangon titi ya fara rubuce-rubuce, yana sa hannu da laƙabin SAMO. A 1982 ya yi wannan zane, bai ma raɗa masa suna ba. Lokacin matasan masu zane a Amurka da Jamus sun gaji da zane mai sanyi na shekarun 1970, sun komo kan surar mutum da launuka masu zafi, ana zana su da gaggawa, da fushi.

Ku dube shi sosai. Ƙoƙon kai ne baƙi a kan shuɗi, haƙora a waje, ido a buɗe. Ku dubi haƙoran nan! Yana ɗan shekara bakwai mota ta buge shi yana wasa a titi, har aka cire masa saifa. Yana kwance a asibiti mahaifiyarsa ta kawo masa littafin likitoci mai hotunan sassan jiki, Gray's Anatomy. Yaron da aka yanka cikinsa, aka miƙa masa littafin da ke nuna abin da ke cikin mutum. Shi ya sa nake cewa kan nan da rai. Gawa ba ta buɗe baki haka. Da fenti, da fentin feshi irin na bango, da alli mai maiƙo ya yi shi, inda bai gamsu ba ya shafe ya sake, kuma ya bar shafewar kowa ya gani. Ɗalibaina, ku da kuke ɓoye kuskure da abin gogewa, kun ji ko? Kan nan da rai, ina sake faɗa.

Kai, lokaci ya tafi. Batun kuɗi. A 1984 wasu masu tara zane-zane, Jerry da Emily Spiegel, suka saye shi a gwanjon Christie's kan dala 19,000, ya shige gida fiye da shekara 30. A watan Mayun 2017 aka fito da shi a gidan gwanjo na Sotheby's, ana hasashen miliyan 60. Minti goma ana tayi, attajirin Japan Yusaku Maezawa ya ɗauka kan miliyan 110.5. Har lokacin babu zanen Ba'amurke da ya taɓa kai haka a gwanjo.

Na'am, 'yar'uwa?

"Malam, shi mai zanen nawa ya samu?"

Ko sisi daga cinikin 2017. Ya rasu a 1988 yana ɗan shekara 27, ƙwaya ce ta yi ajalinsa. Kuma ko yana raye, dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta a ba mai zane kaso in aka sake sayar da aikinsa. Faransa kuwa tun 1920 take da irin wannan doka, har magada suna amfana. Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, wallahi. Ku da za ku fara sayar da aikinku, ku rubuta wannan kason a takardar ciniki tun ranar farko.