Sharhi: Idan Maki Ya Fara Gangarowa, Manyan Jami'o'in Amurka Na Gani

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin sharhi.

A ƙarshen watan Maris na kowace shekara ne manyan jami'o'in Amurka kan sanar da waɗanda suka ɗauka. Gidan da sa'a ta faɗa wa sai murna, a yi ta kiran dangi a waya. To amma a cikin takardar nan ta albishir akwai wani sharaɗi da ɗoki ke hana mutane karantawa: gurbin naka ne muddin ka kammala sakandare da irin ƙwazon da aka gani har aka ɗauke ka. Wannan sharaɗi ba ado ba ne, aiki ake yi da shi.

Kafin mu kai can, a duba irin cunkoson da ake yi a ƙofar. A 2022, ɗalibai 61,220 ne suka nemi shiga jami'ar Harvard, aka ɗauki 1,954. Wato cikin kowane mutum 100, kusan 97 sun koma gida. Kuma waɗanda aka mayar ba rago ba ne, da yawansu su ne zakarun makarantunsu. Idan kowa ya zo da maki mai kyau, dole mai tantancewa ya nemi wani abin da zai raba gardama.

Sakandare a Amurka shekara 4 ce, daga aji 9 zuwa aji 12. Ɗalibi kan miƙa takardunsa ne a watan Nuwamba ko Janairu na shekararsa ta ƙarshe, saboda haka jami'a na ganin sakamakon shekara 3 cif, darasi bayan darasi, zango bayan zango. Daga baya makaranta ta aika da na tsakiyar aji 12, sannan ta aika da na ƙarshe bayan an yaye yaro. Babu zangon da ke ɓuya.

A nan ne gizo ke saƙa. Ɗauki yara biyu da matsakaicin makinsu ya zo ɗaya a ma'aunin GPA mai ƙarewa a kan 4. Na farko ya fara da tangal-tangal a aji 9, ya yi ta hawa har ya zama gwani a aji 11. Na biyu ya fara da A zalla, sai B ta soma shigowa, daga bisani C ta leƙo. A lissafi kunnen doki suka yi, amma a idon jami'a akwai tazara mai yawa. Karatu a kullum ƙara wuya yake yi, kuma aji 11 shi ya fi kama da abin da yaro zai tarar a jami'a. Wanda ya fara sanyi a daidai wannan gaɓa ya bar mai tantancewa da tambaya: shin karatun ne ya fi ƙarfinsa, ko kuwa ya gaji ne? Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Bahaushe, tun daga Laraba ake gane ta.

Ba kowace gangara ce ke zama laifi ba. Yaron da ya samu B a darasin lissafi mai zurfi, irin darussan AP da ke daidai da na shekarar farko a jami'a, ya fi daraja a kan wanda ya guje wa wahala ya tara A a darussa masu sauƙi. Abin da ba a yafewa da sauƙi shi ne a ga maki ya zube a ko'ina lokaci guda, ba tare da bayani ba.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara wa C muni. Wani bincike da hukumar ACT, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fitar a 2022 ya nuna matsakaicin makin 'yan sakandare ya tashi daga 3.17 a 2010 zuwa 3.36 a 2021, alhali makin jarrabawar ita kanta bai tashi ba. Malamai sun ƙara sakin hannu ke nan. Idan A ta yi araha, C ɗaya tak sai ta fito fili. Ana cikin wannan arahar ne jami'ar MIT ta dawo da tilasta jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Jami'ar Kalifoniya kuwa ta daina duba waɗannan jarrabawoyi kwata-kwata. Makin aji 10 da 11 take lissafawa, tana neman aƙalla 3.0 daga ɗan jiha, 3.4 daga baƙo. A irin wannan wuri, wanda ya yi sakaci a waɗannan shekaru 2 ba shi da wata jarrabawa da za ta wanke shi.

Yanzu mu koma kan sharaɗin nan. Yaro ya samu gurbi a Disamba, idan ya nema da wuri, ko a Maris, sai ya miƙe ƙafa. Idan A ta koma B, galibi ba wanda zai ce uffan. Idan C ta yawaita, sai wasiƙa ta zo a nemi bayani. D ko F kuwa kan iya sa a janye gurbin baki ɗaya, a watan Yuli ko Agusta, lokacin da yaro ya riga ya sallami sauran jami'o'in da suka ɗauke shi tun ranar 1 ga Mayu. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma yana faruwa.

A 2017 reshen jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya janye guraben ɗalibai kusan 500, saura wata 2 a fara karatu. Wasu saboda makin ƙarshe, wasu saboda takardu sun makara. Sai aka gano cewa a shekarar ɗaliban da suka amsa tayin jami'ar sun zarce abin da ta shirya wa da ɗaruruwa. Da surutu ya yi yawa, shugabanta Howard Gillman ya ba da haƙuri, aka mayar da mafi yawansu. A ganina wannan ya nuna abu 2 a lokaci guda. Jami'a na da haƙƙin ta ce a cika alkawari, amma kuma doka irin wannan, ranar da kujeru suka yi kaɗan, tana iya zama hanyar rage mutane. Yaron da makinsa ya gangaro shi ne farkon wanda za ta ci.

Inda na fi damuwa shi ne batun dalili. Sau da yawa ba lalaci ba ne. Uba ya rasu, uwa ta kwanta asibiti, yaro ya koma aikin dare don a biya haya. A fom ɗin neman gurbi na Common App, wanda jami'o'i sama da 1,000 ke karɓa, akwai filin da ɗalibi zai yi irin wannan bayani, kuma malamin ba da shawara na makaranta kan rubuta nasa. To amma a makarantar masu hali malamin ya san yaro da iyayensa, zai ma iya ɗaga waya ya kira jami'a. A makarantar gwamnati ta unguwar talakawa, malami ɗaya na riƙe da ɗaruruwan yara. Gangara iri ɗaya, ɗaya ya samu mai kare shi, ɗaya takarda ce kawai ke magana a kansa.

Wannan magana ta shafe mu, domin 'yan Najeriya sama da 20,000 ne ke karatu a Amurka a zangon 2023 zuwa 2024, babu ƙasar Afirka da ta kai haka. Mu kuwa mun saba da tsarin da rana ɗaya ke yanke hukunci. Yaro ya yi wasa a SS1 da SS2, ya duƙufa wata 3, ya kawo kiredit 5 a WAEC ko NECO da maki mai kyau a JAMB, shi ke nan ba mai tambayar baya. Wasu ma da sun shiga SS3 sai su ƙaurace wa aji su koma lesin. Jami'ar Amurka kuwa takardar sakamakon makaranta za ta nema, zango-zango. Sakamakon WAEC na Mayu da Yuni sai wajen Agusta yake fitowa, daf da fara karatu a can. Ga wanda ya nema yana SS3, hukuncin ɗauka ko ƙi an riga an yanke shi tun Maris, a kan makin da malaman ajinsa suka rubuta.