Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Gidajen Tarihi, Kuma Ina Rabon Ɗan Talaka?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu huɗu muka ware a wannan makon. Daga garuruwa daban-daban suka fito, amma bakinsu ya zo ɗaya: gidajen tarihi, kuɗin da gwamnati ke kashe musu, da ko talaka na cin moriyarsu.

Ta farko daga wani malamin firamare ce a Funtuwa. Ya ce: "Na taɓa kai ɗalibaina gidan tarihi, aka karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a bakin ƙofa. Shin da wannan kuɗin ake tafiyar da gidan, ko akwai mai ɗaukar nauyinsa?"

To Malam, kuɗin ƙofa ba ya riƙe gidan tarihi, ko kusa. A Nijeriya manyan gidajen suna hannun gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Gidajen kansu sun girme ta. Na Esie da ke jihar Kwara ta yanzu an buɗe shi a 1945, na Jos a 1952 ta hannun Bernard Fagg, mutumin da ya tattara gumakan yumɓun nan na Nok da masu haƙar kuza suka riƙa tonowa, na Legas kuma a 1957. Jihohi ma suna da nasu, kamar Gidan Ɗan Hausa a Kano da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

In kana son ganin inda kuɗin ke tafiya, ɗauki Gidan Makama na Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ginin ƙasa ne. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san halinsa: damina ɗaya in ta wuce ba a yi yaɓe ba, bango ya fara zaizayewa, indararo ɗaya in ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro ya nemi hanya ta cikin azara. Ga gara, wadda ba ta san tsohon littafi daga guntun itace ba. Takardun ajami na son wuri busasshe, fata na son kulawa, sulke na tsatsa. Sai albashin mai gadi da mai shara da wanda zai tsaya gaban yara ya yi musu bayani. Kuɗin da ɗalibanka suka biya ba zai sayi ko ƙasar yaɓen ba. Daga baitulmali sauran ke fitowa, kuma kamar yadda ka sani, abin da aka rubuta a kasafin kuɗi daban, abin da aka saki daban.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wani dattijo ne daga Maraɗi, ya ce jikansa ya rubuta masa. Ga abin da ya ce: "Mutane na kwana da yunwa, asibiti babu magani, aji ɗaya yara sun fi ɗari. Ina amfanin gwamnati ta zuba kuɗi a kan tsofaffin tukwane da takubba?"

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, maganarka dutse. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma duk wanda ya ce a ajiye maganin zazzaɓi a gyara gidan tarihi bai san ciwo ba. Amma ina roƙon ka ba ni aron kunnenka.

Ka dubi ɗan mai hali. Gidansu akwai littattafai, akwai intanet, in an yi hutu a ɗauke shi a jirgi ya je Masar ya ga dalar Fir'auna da idonsa. Ko an rufe duk gidajen tarihin ƙasar nan, shi bai rasa komai ba. Jikanka fa? Abin da zai gani shi ne abin da aka ajiye wa kowa da kowa, wanda ƙafarsa za ta iya kai shi. Shi ya sa nake ganin a duk lokacin da aka yanke kuɗin irin waɗannan wurare, a jikin talaka wuƙar ke sauka, ko da yake da sunansa ake yankewar.

Ba sai mun yi nisa ba, Baba, ga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959. Wanda ya taɓa shiga ya san ba ɗaki ba ne mai sanyi da shiru inda ake tafiya da sanɗa. Fili ne mai faɗi. Nan ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu a inda yanzu hamada take, can ga kututturen bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar rairayi har wata babbar mota ta kayar da ita a 1973, aka ɗauko gawarta aka kawo Yamai. Ga zakuna da dorina da kuraye. Sannan ga abin da ya fi burge ni: maƙera da dukawa da masaƙa zaune suna aikinsu a cikin harabar, suna sayar da abin da suka yi. Yaro zai tsaya ya ga azurfa ta narke ta koma zobe a gabansa. Wannan gida yana adana tarihi, yana kuma ciyar da iyalai. Ranar sallah kuwa in ka ga yadda yaran unguwanni ke cika shi, ba za ka ce na masu kuɗi ba ne.

Sakaci kuma yana da nasa farashin. A daren 2 ga Satumba 2018, babban gidan tarihi na ƙasar Brazil da ke Rio de Janeiro ya kama da wuta, a shekarar da ya cika 200 da kafuwa. Yana ɗauke da kayayyaki kusan miliyan 20. An shafe shekaru ana rage masa kuɗi, ma'aikatansa na kokawa, ginin ba shi da na'urar yayyafa ruwa in gobara ta tashi. Da 'yan kwana-kwana suka iso, famfunan da ke kusa babu ruwa, sai da aka riƙa ɗebowa daga wani tafki. Bincike ya nuna daga na'urar sanyaya ɗaki wutar ta faro. Cikin abin da ya ƙone har da muryoyin da aka naɗa na wasu harsunan mutanen asalin ƙasar. Asibiti in ya rushe ana iya gina wani, Baba. Muryar tsohon da ya rasu ba ta dawowa. Kuma gidan nan da ya ƙone a cikin wani lambu yake a arewacin birnin Rio, inda iyalai masu ƙaramin ƙarfi ke kai 'ya'yansu shan iska ranar Lahadi.

Sai wasiƙa ta uku, daga wata ɗaliba a zangon Kumasi. Tana tambaya: "Da gaske ne a Ingila da Amurka kyauta ake shiga gidajen tarihi? In haka ne, talakawansu na zuwa?"

Ƙanwata, rabin tambayarki amsarta e, rabi kuma da sauran magana. A Birtaniya, tun watan Disamba na 2001 gwamnati ta soke kuɗin shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa, ta ɗauki nauyin cike giɓin. Maziyarta sun ƙaru ƙwarai. Sai dai da aka bi diddigi daga baya, aka ga yawancin ƙarin irin mutanen da ke zuwa tun da can ne, masu ilimi da rufin asiri, kawai dai sun ƙara yawan zuwa. Wannan darasi ne babba. Ashe kuɗin ƙofa ba shi kaɗai ne shinge ba. Akwai kuɗin mota daga unguwa mai nisa, akwai uwa mai aiki ranar Asabar, akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: mutum ya tsaya gaban katafaren gini mai dogayen ginshiƙai, zuciyarsa ta ce masa nan ba wurin irinsa ba ne.

A Amurka kuwa, gidajen Smithsonian da ke Washington kyauta ne, kuma mafi yawan kuɗinsu daga gwamnatin tarayya yake zuwa. Amma akasarin sauran gidajen ƙasar ana biya, wasu ma da tsada. Saboda haka a 2014 aka ɓullo da wani shiri: duk mai katin tallafin abinci na gwamnati, in ya nuna shi a ƙofa, zai shiga da iyalinsa kyauta ko da 'yan daloli kaɗan. Gidaje sama da 1,000 sun shiga shirin. Da goyon bayan wata ƙaramar hukumar tarayya aka fara shi, mai tallafa wa gidajen tarihi da ɗakunan karatu, wadda aka kafa a 1996, kasafinta bai kai dala miliyan 300 a shekara ba. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin tsuke wannan hukuma, jihohi da dama suka garzaya kotu. Manyan gidaje masu attajirai a bayansu ba su girgiza sosai ba. Ƙananan na karkara da na unguwannin marasa ƙarfi su ne hankalinsu ya tashi.

Misalin da ya fi kwanta mini shi ne na Detroit, birnin ƙera motoci da talauci ya yi wa katutu bayan masana'antu sun ja baya. A 2012 mazauna gundumomi uku da suka haɗa da birnin da kewayensa suka kaɗa ƙuri'a, suka yarda a ɗora musu ɗan ƙaramin haraji a kan gidajensu domin riƙe gidan adana zane-zane na birnin. Amma da sharaɗi: su shiga kyauta, kuma a aika motoci su kwaso 'yan makaranta ba tare da iyaye sun biya ko sisi ba. Kin ga nan an tuna da kuɗin motar. A 2013 birnin ya faɗa fatara, har aka yi ta maganar sayar da zane-zanen a biya bashi, aka dai samu aka cece su. A 2020 mutanen suka sake kaɗa ƙuri'a suka sabunta harajin. Da ba su ga 'ya'yansu na shiga ba, ba na jin za su sake yarda.

Wasiƙar ƙarshe gajera ce, daga wani matashi a Damagaram: "Unguwarmu tana da tarihi amma babu wanda ya rubuta shi. Talakawa za su iya kafa nasu gidan tarihin, gwamnati ta taimaka?"

Ɗan'uwa, an yi, kuma a Brazil ɗin nan dai. A 2004, lokacin da mawaƙi Gilberto Gil ke ministan al'adu, gwamnati ta sauya salo: maimakon ta gina sababbin gine-gine ta jira mutane su zo, sai ta riƙa neman ƙungiyoyin da suka riga suka fara wani abu a unguwanninsu, ta ba su kuɗi kai tsaye. Da irin wannan tallafi mazauna Maré, ɗaya daga cikin manyan unguwannin marasa galihu na Rio, suka buɗe nasu gidan tarihin a 2006. A tsakiyarsa suka kafa bukkar katako a kan dogayen turaku, irin wadda iyayensu suka zauna a ciki lokacin da wurin fadama ne. Kayan ciki kuwa, tukwane da hotuna da fitilu, daga gidajen maƙwabta aka kawo su. Tsohuwa kan shiga ta nuna wa jikarta, ta ce a irin wannan na haifi uwarki.

Ka lura, su suka fara, kuɗin gwamnati daga baya ya tarar da su. Kai ma kana da waya mai ɗaukar murya. Nemi tsofaffin unguwarku tun suna da rai, ka gaishe su yadda ya kamata, ka tambaye su wa ya fara zama a nan, ina rijiyar farko take, wace sana'a aka san gidan wane da ita. Ka ɗauki hoton duk tsohuwar takarda da za a yarda a nuna maka, ka mayar wa mai ita. In abin ya taru, ku je wa mai unguwa da hukumar gari da shi a hannu, ku nemi ɗaki guda da mai gadi.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.