"Ashe Shi Ne!" Ko "Rainin Hankali Ne": Abin Da Ke Raba Kan Masu Kallo Bayan An Kama Mai Kisan

Saura minti 2 a tashi daga shirin. Jami'ar bincike ta turo wani hoto a kan tebur, mutumin da ke gabanta ya sunkuyar da kai, aka danna masa ankwa, allo ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa. Kafin sunayen nan su ƙare, masu kallo sun rabu gida uku. Wani ya taɓe baki ya ce, "Ni tun farko na san shi ne." Wani ya dafe kai ya ce, "Kai! Ashe shi ne?" Na ukun kuwa, wanda ya fi kowa ɗaga murya, cewa yake, "Wannan ai rainin hankali ne."

Abu ɗaya suka kalla. Yau za mu buɗe cikin kashi ɗaya na shirin binciken kisa, mu ga daga inda kowace magana cikin ukun nan take fitowa, mu kuma tantance yaushe mai ƙorafi yake da gaskiya, yaushe kuma shi ne idonsa ya kubce.

Mu fara da agogo. Shirin da tashar da ke sa talla take ware wa awa guda, kamar yadda ake yi a Amurka, ainihinsa minti 42 zuwa 44 ne, ragowar na masu talla ne. A cikin wannan ɗan lokaci marubuci zai nuna gawa, ya jero waɗanda ake zargi, galibi uku zuwa biyar, ya riƙa wanke su ɗaya bayan ɗaya har ya bar guda. Labarin kuma a yanke yake gida huɗu ko biyar, kowane yanki sai ya ƙare da abin da zai hana ku canza tasha idan an tafi talla. Shi ya sa wanda aka cafke a minti na 12 da wuya ya zama shi ne. Kan mage ya waye, masu kallo sun san agogo kaɗai ya isa ya wanke mutum.

Ga wani kashi da muka tsara don misali. An tsinci gawar wani ɗan kasuwa a ofishinsa da ƙarfe 8 na safe, kwance rub-da-ciki. Wayarsa ta nuna ya tura saƙo da ƙarfe 6, saboda haka 'yan sanda suka ɗauka tsakanin 6 da 8 aka kashe shi. Abokin cinikinsa, wanda suke rikicin kuɗi, kyamarar filin jirgi ta nuna shi tun ƙarfe 5. Ya fita daga zargi kenan. Sai a minti na 40 aka ce ai shi ne.

Me ya tona shi? Bayan gawar. Idan zuciya ta daina bugawa, jini yakan gangara ya kwanta a ɓangaren jikin da ke ƙasa, fatar wurin ta yi duhu, ja mai sirkin shuɗi. Alamar takan fara fitowa cikin awa ɗaya zuwa biyu. Bayan kamar awa 8 zuwa 12 sai ta zauna daram, ko an juya gawar ba ta komawa. Wuraren da suka danne ƙasa, irin su allon kafaɗa, sukan zama fari-fari, domin nauyin jiki ya matse jinin daga nan. A fata mai duhu ganin wannan yana da wuya, sai da haske mai kyau da ido mai gogewa, abin da masu shirya fim ba su cika damuwa da shi ba. To, gawarmu a kife take, amma jinin a gadon baya ya kwanta. Ma'ana mutumin ya kwana a rigingine a wani wuri, sa'o'i da yawa, kafin a kawo shi a kifar. Tun daren jiya ya mutu. Saƙon ƙarfe 6 saita shi aka yi ya tafi da kansa. Hujjar filin jirgi ta tashi a banza.

Yanzu ku duba hanya biyu da za a iya ɗaukar wannan labari.

A ta farko, a minti na 6 likitan gawa ya ɗaga rigar mamacin, kyamara ta nuna bayan na daƙiƙa 2. A daidai lokacin matar mamacin ta banko ƙofa tana kururuwa, kowa ya juya, har da ku. An nuna muku, amma an janye hankalinku. A minti na 19 likitan yana karanto rahoto: rauni a ƙeya, ƙarce a hannun hagu, jini ya kwanta a baya, ba alamar giya. Abu na uku cikin huɗu, inda kunne ya fi saurin tsallakewa, domin na farko da na ƙarshe ne suka fi zama a kai. A minti na 27 wani ƙaramin ɗan sanda ya yi ƙorafi cewa gawar ta sandare har da ƙyar suka sa ta a jaka. Aka yi dariya aka wuce. Alhali sandarewar gawa takan fara ne bayan awa 2 zuwa 6, ba ta kama jiki duka sai wajen awa 12. Wanda ya mutu awa biyu da suka wuce ba zai ƙame haka ba. Sau uku aka miƙa muku bakin zaren. Idan aka warware a ƙarshe, wannan kashin shi ke haifar da "Ashe shi ne!", domin abin da mai kallo yake ji shi ne da ya ƙara lura kaɗan da ya riga jami'ar ganowa.

A ta biyu, ba a nuna bayan ba, ba a ambace shi ba. Sai a minti na 39 likitan ya bugo waya ya ce akwai abin da ya manta bai faɗa ba. Mai kisan ɗaya ne, hujjar ɗaya ce, amma nan masu cewa an yi musu sakiyar da ba ruwa suna da gaskiya. An gayyace su wasa, sannan aka ɓoye musu kayan wasan.

Wannan ƙa'ida ta girmi talabijin ɗin da ke gidajen mutane. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai rubuta labaran bincike, Ronald Knox, ya jera dokoki 10 na wannan fanni. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada jami'in bincike ya ci karo da wata alama ya ƙi nuna wa mai karatu, kada sa'a ko tsautsayi su warware masa matsala, kada kuma a fito da tagwaye ba tare da an share fage ba. Yawancin masu fusata bayan an tashi daga shiri ba su taɓa jin sunansa ba, amma dokokinsa suke karantowa.

Sau da yawa kuma ba marubucin ne ya yi ha'inci ba, a wajen tacewa abin yake lalacewa. Idan aka harhaɗa abin da aka ɗauka ya kai minti 50, dole a zubar da 6 zuwa 8. Mai tacewa ba zai yanke faɗa ko kuka ba. Abin da zai fara cirewa shi ne fitowar da kamar ba ta da amfani, irin ta ɗan sandan nan mai ƙorafin jaka. An tsara ta ne don ta yi kama da marar amfani, kuma wannan ne ya ja mata. Akasin haka ma yana faruwa: a ji tsoron kada masu kallo su rasa alamar, sai a bar kyamara a kan bayan gawar daƙiƙa 5, a matso da ita, a sako kiɗa mai tayar da tsigar jiki. Nan aka haifi mai cewa "tun farko na sani". Wani abin da ke ciyar da wannan gidan shi ne zaɓen 'yan wasa. Fitaccen jarumi ya leƙo a minti na 8 a matsayin maƙwabci, ya yi magana jimla biyu ya ɓace. Kowa ya san ba a biya shi kuɗin nan don jimla biyu ba. Maganinsa a cika kashin da sanannun fuskoki uku ko huɗu, ko a ba wa wanda ba a sani ba rawar.

Sai ƙorafi na daban, na masu cewa ba haka ake yi a zahiri ba. Galibi gaskiyarsu ce. Gwajin guba a jikin gawa makonni yake ɗauka. Akwai injunan DNA masu fitar da sakamako cikin kamar minti 90, amma sun fi dacewa da samfuri mai tsabta da aka shafo daga cikin kumatun mutum ɗaya. Tabon da ya gauraya da na mutum uku a jikin mariƙin ƙofa aikin ƙwararru ne, ga layin jira a ɗakin gwaji. Hoton kyamarar tsaro kuma ɗigo-ɗigo ne ƙirgaggu. Mai kyau yana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, fuskar da ke can nesa wataƙila ɗigo 15 ta samu. Ko an faɗaɗa ta, murabba'ai 15 ɗin nan ne za su ƙara girma. Manhajar da ke "gyara" irin wannan hoto ƙirƙiro fuska take yi bisa hasashe. Batun a ja mai laifi da hira a waya har minti guda don a gano inda yake, gadon zamanin tsoffin na'urorin haɗa layi ne. Yanzu kamfani yana da bayanin kiran nan take, sai dai ƙarfen sabis yanki yake nunawa, daga ɗaruruwan mitoci zuwa kilomitoci, ba ɗaki ba.

Amma ku lura, waɗannan ba su cika sa mutum ya daina kallon shiri ba. Mai kallo yakan yafe ƙaryar da ta gajarta lokaci, tunda ba wanda zai zauna makonni shida yana jiran takarda. Wadda ba ya yafewa ita ce ƙaryar da ta canza amsa. Idan likita ya kalli gawa ya ce ta mutu ƙarfe 10 da kwata, kuma a kan kwatan nan aka rataye wani, an shiga ha'inci. Likita na gaske tazara yake bayarwa ta sa'o'i, domin zafin ɗaki, kaurin tufafi da girman jiki duk suna canza saurin hucewar gawa.

Akwai kuma inda ya kamata a yi ƙorafi amma shiru kake ji. Allo ya nuna zanen yatsa biyu sun hau juna, rubutu ya fito da ja, shi kenan kowa ya gamsu. A zahiri kwamfuta jerin waɗanda zanensu ya yi kusa take fitarwa, mutum ne yake zama ya kwatanta, mutum kuwa yana kuskure. A 2004, bayan harin bam a jiragen ƙasa na Madrid, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta ce zanen da aka samu a jikin wata jaka na wani lauya ne a jihar Oregon. Aka tsare shi mako biyu, sannan 'yan sandan Sifaniya suka gano na wani ɗan Aljeriya ne. DNA ma haka. Shekara da shekaru 'yan sanda a Jamus suna farautar wata mata da aka ga DNA ɗinta a wuraren laifi kusan 40, har a Ostiriya da Faransa. A 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da ake ɗibar samfuri da shi.

Lauyoyi a Amurka sun daɗe suna kukan cewa irin waɗannan shirye-shirye sun sa masu taya alƙali yanke hukunci suna neman hujjar kimiyya a kowace shari'a, har aka laƙaba wa abin sunan shirin CSI da ya fara a 2000. Wani alƙali a jihar Michigan, Donald Shelton, ya bincika a 2006 da mutum sama da 1,000 da aka kira wannan aiki. Kusan rabinsu sun ce suna sa ran ganin hujjar kimiyya a kowace shari'ar laifi, amma bai sami shaida mai ƙarfi cewa kallon shirin ne yake sa a saki wanda ake tuhuma ba.

Mu koma kan gidaje ukun nan. Akwai na huɗu da ba mu ƙirga ba, wanda aka fasa masa ƙwai kafin ya kalla, yana ta huci. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego suka ba mutane gajerun labarai 12, har da na bincike, wasu an gaya musu ƙarshen tun kafin su fara. Waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Wasu binciken da suka biyo baya sun sami akasin haka, kuma labarin takarda ba fim ba ne. Amma abin ya yi daidai da abin da masu tsara irin wannan shiri suka sani: kashin da aka gina da gaskiya yana jure kallo na biyu, wanda aka yi wa ha'inci kuwa a nan yake rushewa.

Saboda haka idan gardama ta kaure, ga yadda za ku raba ta. Ku mayar da kashin farko, ku riƙe biro. Ku rubuta mintin da mai kisan ya fara bayyana. Idan sai bayan an wuce kashi biyu cikin uku na shirin ya fito, mai ƙorafi ya ci. Sannan ku ɗauki hujjar da jami'ar ta kafa a ƙarshe, ku nemi inda aka nuna ta ko aka faɗe ta kafin nan. Waiwayen da ake sakowa a ƙarshe ba ya cikin lissafi, domin wani lokaci hoton da ke cikinsa sabo ne, ba wanda kuka gani a baya ba. Ku je ainihin wurin ku tsayar. A kashinmu, minti na 6 ne. Ku rage sauti don kada kururuwar matar ta sake jan ku, ku ƙyale ƙofa, ku kalli hannun likitan a ƙasan allo ta hagu.